Kafe da Rigar Anko

Assalamu alaikum Malama mai gabatar da shiri. Ni ɗaliba ce a nan Dakoro, don Allah a sakaya sunana.

Abin da zan faɗa ko Innata ba ta sani ba. Wata biyu ina zuba wa awaki abincina na rana a ɓoye, don in zama siririya irin 'yan matan littattafan soyayya kafin bikin yayata. Ƙawata ta ce kafe, wato gahawa, na kashe yunwa, sai na koma shan kofi uku kullum, kowanne da madarar gwangwani da sukari ƙwaya biyar, saboda ɗacin.

Ranar gwajin anko zif ya ƙi rufuwa. Tela ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, anya ke na auna?" Kamar in nutse.

A shirinku na ji likita ta ce ba kafen ke sa ƙiba ba, abin da muke zuba masa ne. Yanzu kofi ɗaya nake sha, sukari ƙwaya ɗaya, ina cin abincina. Jiya zif ya wuce rabi, kuma saura sati uku biki. Masu sauraro, yaya ake sabawa da ɗacin nan?

Kwana huɗu takardar nan na ɓoye cikin littafina. Yau dai zan miƙa ta gidan rediyo.