Danshin Ƙasar Alkama

A benci ɗaya suke jiran mota, wani tsoho da wata mata mai duba waya.

"'Yata, wannan ja da koren fa?"

"Gonakin alkama ne, Baba. Tauraron ɗan Adam ya ɗauko. Inda ya yi ja, ƙasa ta bushe, sai mu ce wa manomi ya yi ban ruwa."

"Daga sama? Ikon Allah! Marigayiya matata dunƙula ƙasar take a hannu, ta ce, 'Malam, sai jibi.' Ba ta taɓa kuskure ba."

"Mahaifina ma haka yake yi. Ban tsaya na koya ba."

"Ni ma. Tun da ta rasu, alkamata ba ta ƙara kyau ba." Ya matso kusa. "Duba mini gonata, 'yata."