Gadun da Muka Ba Maƙwabci Kyauta

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni direba ne a unguwar Ulaya, nan Riyad, kuma kaina ya ɗaure.

Can gida muna da gona a bakin daji. Tun zamanin mahaifinmu, in muka kashe gadu, aladen dajin nan mai ɓarnar rogo, Baba Yohanna maƙwabcinmu muke kai wa, tunda mu ba ma ci.

Da daminar nan ƙanena ya kai masa wani ƙato, aka feɗe shi a gefen garken aladunsa. Bayan 'yan kwanaki, ina cikin mota ina jiran kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, sai ga wayar Baba Yohanna. Ya ce, "Ɗana, aladuna sun ƙare, cuta ta kashe su."

Likitan dabbobi ya ce gadu kan yi yawo da ƙwayar cutar lafiyarsa lau, kaskar jikinsa ce ke kai wa na gida. To yaya mai ɗauke da cuta zai yi ƙiba, wanda bai taɓa shiga daji ba kuma ya mutu?

Masana, ku fahimtar da ni. Jiya ƙanena ya sake kashe wani, ga shi can yashe a gona. Wa za mu kai wa?