Kuri'ar da Ta Ba Ni Kujera Bayan Na Faɗi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Ma'aikin da muke cin albarkacin maƙwabtaka da shi.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Walid. Dattawan unguwar Uhudu, da na Sultana, da na Azizya. Hajiya Asama'u da sauran iyayenmu mata da ke saurare ta bayan labule. 'Yan'uwana masu iƙama, takardar izinin zama. 'Ya'yanmu haifaffun wannan gari. Da kai, Maigandi, wanda ƙorafinka ya tara mu a wannan zauren: assalamu alaikum warahmatullah.

Ina godiya da aka ba ni lasifika, abin da na daɗe rabona da shi. Ga wanda bai san ni ba, sunana Abdulrauf. Na zo garin nan ina saurayi don karatun nahawu da balaga, na gama, aka ba ni shahada, takardar kammala karatu. Yau shahadar tana ƙasan akwati, ni kuma ina rumfar wani a gindin dutsen Uhudu, ina miƙa wa baƙi carbi da dabino. Ban faɗa don a tausaya mini ba. Tausayi ne ma ya jawo mana zaman yau.

Da farko, bari mu tuna yadda aka yi. Majalisar jama'armu, wadda ke duba marasa lafiya, take tsayawa kan jana'iza, take sasanta masu rigima, a da dattawa ke naɗa ta. Bana sai Muhyiddeen, ɗanmu da ya yi karatu a waje, ya kawo sabon tsari: kowa takarda biyu. Da fara ka zaɓi mutum ɗaya, wakilin unguwarka. Da koriya ka zaɓi ƙungiya, a raba sauran kujeru gwargwadon rabon da kowace ta samu. Ya ce ta haka mai ƙaramar murya ba zai nutse ba. Na yi dariya, domin ni mai ƙaramar murya ne, kuma na san hanyar nutsewa.

Na biyu, sakamako. A farar takarda na tsaya a Uhudu, Zakiru mai shago ya kayar da ni kayarwar da ko maƙwabcin ɗakina ban tabbata ya zaɓe ni ba. Ban yi mamaki ba. Zakiru yana samo wa mutane aiki, ni kuwa gyara musu jumla nake yi. Amma da aka buɗe akwatin koriya, sai ga ƙungiyarmu ta Harshen Gida, wadda in muka taru ba ma cika tabarma, wadda ba ta da buƙata sai a buɗe wa yara ajin Hausa, ta ci kujera ɗaya. Kujerar da ƙungiyar Maigandi ta 'yan Sultana ta sa rai da ita. Na kwana a faɗe, na tashi ɗan majalisa.

Jama'a, ban yi murna ba, tambaya ce ta kama ni. Wa ya zaɓe ni? Masu ƙirga suka ce yawancin takardun daga samari da 'yan matan Azizya suka fito. Waɗanda in ka ce musu "ina kwana" su ce maka "sabahal hair". Waɗanda na yi shekara da shekaru ina yi wa faɗa a bakin masallaci har suka koyi sauya hanya in sun hango ni. Me suke so da ajin Hausa? Yaushe suka fara son Abdulrauf?

Na uku, abin da na gano. Najwa, 'yar marigayi abokina, ta biyo rumfa da mahaifiyarta. Na ce mata, "'Yata, gaya mini gaskiya, me ya sa kuka ba ni koriyar takarda?" Da Larabci ta amsa, kamar kullum. Ta ce, "Ya ammi, ai waccan ba zaɓe ba ce, gur'a ce!" Na ce, "Wace gur'a?" Ta ce, "Muhyiddeen ne ya faɗa a saƙon murya: fara ta zaɓen wakili, koriya kuma kuri'a. Muka ce to, za a zuba a akwati, a sa hannu a zaro, wanda ya yi sa'a ya samu. Sai muka ce manya sun riga sun ci da fara, bari mu yawaita wa tsohon nan takardu ko sa'a ta faɗo masa. Miskin, ba shi da kowa."

Miskin, ba shi da kowa! Wannan ita ce manufar da aka zaɓe ni a kanta.

Ku tsaya ku dubi abin nan da kyau, domin ni na kasa daina dubansa. Kalmar kuri'a tasu ce, ta Larabawa, kuma a wurinsu canki-canki take nufi, abin da sa'a ke yankewa. Kakanninmu suka are ta, suka kai ta Kano da Damagaram, ta zauna a can har ta sauya hali, ta zama zaɓin da mutum ke yi da hankalinsa. Muka ɗauko ta muka dawo da ita garinsu, 'ya'yanmu suka ji ta da kunnen Larabci, suka gane fuskar, ba su gane halin ba. Ashe ba mu kaɗai muka yi hijira ba. Kuma ga ni, mutumin da ya tsaya don kare Hausa, na hau kujera saboda ba a ji Hausa ba. In akwai hujjar da ta fi wannan, ban karanta ta a balaga ba.

Yanzu Maigandi ya ce a zubar da takardun yaran nan, tunda ba su san abin da suke yi ba, a ba ƙungiyarsa kujerar. Maigandi, ɗan'uwana, rabin maganarka gaskiya ce. Amma wa ya bar su ba su sani ba? Ɗanka Umair yana cikinsu. Da wane harshe kake tashinsa sallar asuba? Mu muka yi musu shiru a gida, ba za mu zo zaure mu hukunta su da shirun ba.

An ce in faɗi matsayina yau, ga shi. Ba zan zauna kan kujerar sadaka ba. Na sha karɓar tausayi a garin nan, ya ishe ni. Amma takardar yaro ko ɗaya ba za a zubar ba. A sake jefa koriyar takarda, kowa da kowa, bayan an yi bayani da harshe biyu. In na faɗi, na saba.

Zan so dai in san yadda za ta kaya, domin akwai abin da ban gaya muku ba. Da na gama yi wa Najwa bayanin kalmar, na ce, "To yanzu kin sani. In an sake, wa za ki ba?" Ta shiga neman kalmomi kamar mai lalube a jaka. Sannan ta ce, da Hausa, Hausar da ban taɓa ji a bakinta ba, karyayya, mai ɗingishi: "Baffa, ni ba a canza. Wannan karo kuri'a na Hausa."

Jumlar tana da kuskure biyu. Ban gyara ko ɗaya ba.

Allah Ya haɗa kanmu a wannan gari mai albarka. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu kwanciya a maƙabartar Baƙi'a. Allah Ya ba majalisa ikon yin adalci, ko da ni ko babu ni, Ya buɗe kunnuwan 'ya'yanmu, Ya kwance harsunanmu a gida. Allah Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.

Na gode.