Saura Ƙamshin Hayaƙin

Gosulo ya tsayar da bas ɗinmu tun kafin mu fita Mararaba. Wani dattijo ya leƙa wayar matar da ke kusa da shi.

"'Yata, wane jirgin ƙasa ne wannan a cikin gajimare?"

"Na Indiya ne, Baba, a Darjeeling. Har yau akwai mai tafiya da kwal. A hankali yake hawa dutse, gonakin shayi dama da hagu, hazo na shigowa ta taga."

"Har Indiya za ki je neman tafiyar hawainiya? Ai ga mu cikinta!"

"Ba don kaina ba. Mahaifina nake so in kai. Shi ke zuba wa jirgi kwal a Kafanchan, zamanin da."

"Allah sarki. Zai sha kallo kuwa."

"Ba ya gani yanzu, Baba. Amma in na kunna masa wannan, da jirgin ya yi kuka sai ya tashi zaune, hannunsa na laluben shebur. Ya ce komai ya yi, saura ƙamshin hayaƙin."

Dattijon ya taɓa kafaɗar direba.

"Oga, kashe rediyon nan. 'Yata, ƙaro mana muryar jirgin mu ji."