Ɓawon Doya

A tashar Nima ana jiran motar haya ta trotro ta cika zuwa unguwar Madina. Wata mata a cikin motar ta juya wajen dattijon da ke kusa da ita.

"Baba, ka san mai ruƙiyya a Madina? 'Yata Nasiha ce. Tun da ta dawo daga karatu a Poland ba ta bari a zubar da ɓawon doya. Jiya na zubar da ƙanzon shinkafa, sai ta fashe da kuka."

"Me ta karanta, Hajiya?"

"Tarihi. Wai wata unguwa da Jamusawa suka kulle Yahudawa a ciki lokacin yaƙi."

"Na shekara ashirin ina koyar da wannan. Katanga aka zagaye su da ita, wanda ya fita a harbe shi. Mutum bakwai a ɗaki ɗaya, burodin yini bai cika tafin hannu ba, ɓawon dankali shi ne miya. A haka suke ɗinki, suke koyar da yara a ɓoye."

"To ba aljanu ba ne?"

"Ina ruwan aljani da ɓawon doya? Abin da ta karanta ne ya taɓa ta."

"Alhamdu lillahi!" Ta yi ajiyar zuciya. "Shekarar yunwa a Nijar, gidan tururuwa uwata take tonawa ta samo mana gero. Ban taɓa gaya wa Nasiha ba. Kunya nake ji."

"Ashe maganin yana wurinki."

Matar ta ɗauki jakarta. "Direba, buɗe mini ƙofa, gida zan koma."