Waken Suyar da Na Sayar Saboda Kirsimeti

Salamar Ubangijinmu Yesu Kiristi ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Dauda, daga Furana. Tsofaffin cikinku sun san ni da Baba Kashi Biyu.

Da Allah zai ba ni ikon goge rana guda a rayuwata, da na goge ranar da na shiga ɗakin matata Saratu na kwashe buhunan waken suyarta.

Kun san yadda muke yi idan Kirsimeti ta matso. Maza mu haɗa kuɗi mu sayi sa, a yanka, a raba naman kashi-kashi. Kowa kashi ɗaya yake ɗauka a watandar, ni kuwa sai biyu, alhali mu uku ne a gida. Ga ɗinki, ga shinkafa, ga kwanukan da nake aikawa gidajen maƙwabtanmu Musulmi, don kada a ce abincin Sallarsu ya fi nawa nama. Masarata kuma a watan sha biyu nake zubar da ita, lokacin da ba ta da daraja. Kafin damina ta yi nisa ina awo a kasuwa, taki kuma sai bashi.

Shekarar da 'yarmu Rifkatu ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, gonata ba ta yi kyau ba. Saratu kuwa ta samu buhu huɗu na waken suya a 'yar gonar da take nomawa da hannunta. Ta ajiye su sai farashi ya tashi, ta biya wa yarinya makaranta.

Ta ce mini, "Baban Rifkatu, bana ka ɗauki kashi ɗaya mana. Ciki nawa gare mu?"

Na ce, "So kike a ce Dauda ya karye?"

Ta ce, "A ce mana! Bakin mutane ne zai biya makaranta?"

Ranar da Saratu ta tafi coci koyon waƙar zumuntar mata, na ɗauko mota na kai waken kasuwar Makarfi. Na ce wa raina zan mayar bayan biki. Ban mayar ba.

Saratu ba ta yi mini faɗa ba. Ta dafa naman, ta raba wa mutane, ko tsoka ɗaya ba ta kai bakinta ba. Gurbin Rifkatu ya wuce. Ta tafi Kaduna wanke-wanke a gidan abinci, ba ta sake taka Furana ba sai ranar da muka binne uwarta.

Kun ɗauka na yi hankali? Ina! Kirsimetin da ta biyo bayan rasuwar Saratu ma kashi biyu na ɗauka. Na dawo daga sujada na tarar da nama cike da daro, murhu babu wuta. Ina jin waƙa da dariya a gidajen mutane, ni kuwa ina zaune ina korar ƙudaje. Babu wanda ya yi sallama.

Nan na durƙusa a gaban murhun Saratu na fashe da kuka. Na ce, "Ya Ubangiji, ashe ba haihuwarka nake wa biki ba, sunana nake wa. Ka gafarta mini, ka cire mini son a gan ni!"

Ya kuwa ji ni, 'yan'uwa. Yabi Ubangiji!

Tun daga nan, da na gama girbi nake raba amfanin gona: na ci, na taki, abin da ya saura shi ne na biki. Watanda kashi ɗaya muke rabawa da wani ɗan'uwa. An yi mini ba'a, har ana cewa, "Baba, ko haƙoran ne suka ƙare?" Na ce haƙora suna nan, hankali ne ya zo. Shekara uku ke nan babu mai bi na ko sisi.

Bara na tara kuɗin buhu huɗu na kai wa Rifkatu Kaduna. Ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta ce, "Baba, shekarun fa? Su ma suna aljihunka?"

Ta ba ni ruwa, ta raka ni tasha.

Har yau ba ta zo gida ba, bana ma ni kaɗai zan yi Kirsimeti. Amma yanzu idan na kira ta tana ɗagawa, takan ce, "Baba, ka ci abinci?" Saboda wannan ina gode wa Allah, sauran kuma na bar shi a hannunsa.

Ku dogara ga Ubangiji, ku yi biki daidai ƙarfinku. Ku maza musamman, ina roƙonku cikin sunan Yesu: abin da aka ajiye don gaban 'ya'yanku, kada ku dafa shi a rana guda. Amin.