Wasan da Ba a Kashe Fitila Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajiya Rabi 'yar Kano, daga unguwar Dengfeng a birnin Guangzhou na China, inda nake sarin takalma.

Ranar Asabar, 'yar China da nake sari a shagonta ta gayyace ni kallon wasan kwaikwayo a unguwar Tianhe. Aka fara, ba a kashe fitilu ba, 'yan wasa na canza kaya a gabanmu. Ana tsakiyar wani wuri mai ban tausayi, hawaye ya cika mini ido, sai wata 'yar wasa ta tsaya cak, ta juyo tana yi mana tambaya. Na ɗauki jakata, na ce, "Ai gwaji suke yi, mu tafi."

Ta ce, "Hajiya, zauna, haka marubucin ya tsara."

Ashe, in ji ta, marubucin Bajamushe ne. Yana saurayi ya yi jinyar sojoji lokacin yaƙi. Daga baya masu mulkin kama-karya suka ƙone littattafansa, ya yi gudun hijira. Ya ga yadda ake tara jama'a da kiɗa da ihu har su bi shugaba ido rufe. Shi ya sa ba ya son mai kallo ya shagala, so yake ya yi tunani.

Malam, nan take ɗana Sadisu ya faɗo mini a rai. Tun da aka fara kamfen yake bin motar kiɗan 'yan siyasa, har da gora a hannu. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ina nan nesa, ta yaya zan kunna masa fitila?